Ciniki da mai kama-karya: shin tattaunawa na 'yantar da fursunonin siyasa, ko farashi take ƙara musu?

Shin ya dace ƙasashen da ke iƙirarin kare haƙƙin ɗan Adam su zauna da shugaban da ke ɗaure masu sukarsa, su yi ciniki da shi a kan mutanen da ya ɗaure? Tambayar ta sake tasowa a watan Disambar 2025, lokacin da gwamnatin Belarus ta saki mutum 123 a rana guda, bayan Amurka ta amince ta ɗage takunkumin da ta sanya wa takin potash na ƙasar. Cikin waɗanda suka fito har da Ales Bialiatski, wanda aka ba kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2022 yana tsare. Iyalai sun yi kukan murna. Wasu kuwa suka ce Alexander Lukashenko, wanda ke kan mulki tun 1994, ya samu sana'a: ya kama, ya ajiye, idan mai saye ya zo ya sayar.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, shi ya sa batun ke da wuyar sha'ani. Kafin mutum ya yanke hukunci, yana da kyau ya san su wa ake magana a kansu, me ake bayarwa, kuma wa ake bari a baya idan jirgi ya tashi.

Wane ne fursunan siyasa?

Babu gwamnatin da ke yarda tana da fursunan siyasa. A takarda, kowa da laifin da aka rubuta masa: cin amanar ƙasa, ta'addanci, yaɗa labaran ƙarya, karɓar kuɗi daga waje. Ɗan adawar Rasha Vladimir Kara-Murza ya soki yaƙin ƙasarsa a Yukren, a 2023 kotu ta ɗaure shi shekara 25 bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa. Bialiatski an ba shi shekara 10 bisa zargin shigo da kuɗi ta haramtacciyar hanya da ɗaukar nauyin tayar da zaune tsaye. Don haka abin da ake dubawa shi ne dalilin kamun da yadda shari'ar ta gudana. Idan an tsare mutum saboda ra'ayinsa, ko rubutunsa, ko don ya tsaya takara, ko an yi masa hukuncin da ya zarce laifin nesa ba kusa ba don a rufe masa baki, to fursunan siyasa ne ko da me aka rubuta a takardar tuhuma.

Ƙungiyar Amnesty International, wadda aka kafa a 1961, tana da wani rukuni da ya fi wannan ƙunci: wanda aka tsare saboda aƙidarsa alhali bai ɗauki makami ba, bai kuma yi kira a ɗauka ba. Saboda wannan sharaɗin ne a 1964 ba ta ci gaba da lissafa Nelson Mandela a wannan rukuni ba, duk da ta ci gaba da neman a yi masa adalci. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da kwamitin ƙwararru tun 1991 da ke duba ƙorafin tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba. Kwamitin na fitar da ra'ayi, ra'ayin na da nauyi a teburin tattaunawa, amma ba shi da 'yan sandan da za su je su buɗe ƙofar kurkuku.

Akwai wani bambanci da jama'a ke yawan cakuɗawa. Ɗan ƙasa da gwamnatinsa ta ɗaure daban, baƙo ko mai fasfo biyu da aka kama don a yi garkuwa da shi daban. Na biyun yana da gwamnatin da dole ta tashi tsaye a kansa, domin 'yan majalisa da jaridun ƙasarsa ba za su bar ta ta huta ba. A Disambar 2018 Sin ta tsare 'yan Kanada biyu, Michael Kovrig da Michael Spavor, kwanaki kaɗan bayan Kanada ta kama Meng Wanzhou ta kamfanin Huawei. A Satumbar 2021, da aka sallami Meng, sa'o'i kaɗan suka biyo baya aka sako su. Ɗan ƙasar da ya soki gwamnatinsa kuwa ba shi da wata ƙasa da nauyinsa ya rataya a wuyanta. Sai dai idan wani ya ga dama ya sa sunansa a jeri.

Me ke sa mai mulki ya saki wanda ya ɗaure?

Tausayi ba kasafai yake cikin lissafin ba. Mai mulkin kama-karya na ɗaure mutum ne don ya raba shi da mabiyansa, ya kuma tsorata sauran jama'a. Zai sake shi ranar da ribar sakin ta fi ribar tsarewar, kuma ribar na zuwa a siffofi daban-daban.

Wani lokaci mutum ake bayarwa a karɓi mutum. A Disambar 1976, a filin jirgin Zurich, Tarayyar Sobiyet ta miƙa ɗan adawa Vladimir Bukovsky ta karɓi Luis Corvalán, shugaban 'yan gurguzun Chile da gwamnatin Pinochet ke tsare da shi. Wani lokaci kuɗi ne: Iran ta saki Nazanin Zaghari-Ratcliffe, mai fasfon Iran da Birtaniya, a Maris 2022 a daidai lokacin da Birtaniya ta biya wani tsohon bashi na kusan fam miliyan 400, kuɗin tankokin yaƙin da Iran ta biya tun zamanin sarkinta Shah ba a kawo ba. Wani lokaci sassauta takunkumi ne, kamar na Belarus. Wani lokacin kuma abin da ake nema ba ya auno a sikeli, wato mutunci a idon duniya. Shugaban da aka ƙaurace masa shekara da shekaru yana ɗaukar zuwan wakilin babbar ƙasa fadarsa, da hoton musabaha, a matsayin babbar riba, domin yana nuna wa mutanensa cewa duniyar da suke jira ta cece su ta dawo tana gaishe shi.

Lokacin da ake sakin ma yana da ma'ana. A Satumbar 1993 Sin ta saki ɗan adawa Wei Jingsheng bayan ya shafe fiye da shekara 14 a ɗaure, ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'ar birnin da zai karɓi gasar Olamfik ta 2000. Beijing ta faɗi, Sydney ta ci. A shekarar da ta biyo baya aka sake kama shi. Bai sake fita ba sai a Nuwambar 1997, jim kaɗan bayan ziyarar shugaban Sin Jiang Zemin a Amurka, kuma wannan karon jirgi aka sa shi zuwa can da sunan neman magani.

Akwai kuma tsoron gawa. Fursunan da ya mutu a hannu yana jawo wa gwamnati abin da ba ta so. A Fabrairun 2010 ɗan adawa Orlando Zapata Tamayo ya rasu a tsare a Kuba bayan doguwar yajin cin abinci. Watanni kaɗan bayan haka shugaban ƙasar Raúl Castro ya zauna da Cardinal Jaime Ortega na cocin Katolika, tare da sa hannun gwamnatin Sifen, aka amince a saki mutum 52 da suka rage cikin 75 ɗin da aka kama a 2003.

Yadda ake ƙulla cinikin

Mafi yawan aikin a bayan fage ake yin sa, kuma sau tari ba jakadu ne ke farawa ba. Jami'an leƙen asiri, lauyoyi, malaman addini da tsofaffin 'yan siyasa su ne ke kai gwauro su kai mari. Ana buƙatar mai shiga tsakani da kowane ɓangare zai iya ɗaga wayarsa: Qatar, Oman, Turkiyya, fadar Vatican, ko Suwizalan wadda ke kula da muradun Amurka a Tehran tun 1980.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne jerin sunaye. Kowa na miƙa nasa, ana sokewa ana ƙarawa, ana taya wa ana cewa albarka. Musayar da aka yi a Ankara ranar 1 ga Agustan 2024 ta nuna yadda abin ke sarƙewa. Fursunoni 24 aka yi musaya, daga gidajen yari na ƙasashe bakwai. Rasha da Belarus sun saki 16, cikinsu har da ɗan jaridar Amurka Evan Gershkovich da 'yan adawar Rasha irin su Kara-Murza, Ilya Yashin da Oleg Orlov. Amma wanda Putin ke so da gaske ba ya hannun Amurka. Yana Jamus: Vadim Krasikov, wanda kotu ta yi wa ɗaurin rai da rai saboda ya harbe wani mutum da rana tsaka a wani lambun shaƙatawa a Berlin a 2019. Jamus ta daɗe tana ƙi. Da ta yarda, ta nemi a haɗa da 'yan adawar Rasha domin abin da za ta bayar ya yi daraja. Da ba don wannan dagewa ba, da wuya sunayensu su shiga.

Sai kuma batun rufa wa mai mulki asiri, don kada a ce ya durƙusa. Shi ya sa kusan kullum ake kiran sakin afuwa, ko jinƙai, ko dalilin rashin lafiya. Shi ya sa ma akan gaggauta shari'a gab da musaya: an yanke wa Gershkovich shekara 16 a watan Yulin 2024, bai cika mako biyu ba aka yi masa afuwa. A Ruwanda, an sassauta wa mai sukar gwamnati Paul Rusesabagina hukuncin shekara 25 a Maris 2023 da shiga tsakanin Qatar, bayan ya rubuta wasiƙar neman afuwa ga Shugaba Kagame. Wasu fursunonin na rubuta irin wannan takarda don su ga 'ya'yansu, wasu na ƙi domin suna ganin amsa laifin da ba su yi ba ne. Ban ga dalilin da wanda ke kwana a gidansa zai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Rashin amana ba daga ɓangare ɗaya kawai yake zuwa ba. A Janairun 2025 Kuba ta sanar za ta saki fursunoni 553 bayan tattaunawa da Vatican, gwamnatin Biden kuma ta cire ta daga jerin ƙasashe masu ɗaukar nauyin ta'addanci. Ba a yi mako ba Trump ya karɓi mulki ya mayar da ita. Duk shugaban da ya ga haka zai nemi a biya shi kafin ya buɗe ƙofa, kuma zai riƙa sakin mutane kaɗan-kaɗan.

Saki ne ko kora?

Nan ne hotunan filin jirgi ke ɓoye wani abu. Da yawa daga waɗanda ake saki ta wannan hanya ba gida ake mayar da su ba, iyaka ake kai su. A ranar 9 ga Fabrairun 2023 gwamnatin Daniel Ortega ta Nikaragua ta zuba fursunoni 222 a jirgi zuwa Washington, suna kan hanya aka soma shirin ƙwace musu shaidar zama 'yan ƙasa. Bishop Rolando Álvarez ya ƙi shiga jirgin. Washegari aka yanke masa shekara 26. Sai a Janairun 2024 aka fitar da shi zuwa Rum bayan tattaunawa da Vatican.

Ilya Yashin, da ya sauka a Jamus, ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai nemi a yi musayarsa ba, yana kallon abin da aka yi masa a matsayin kora daga ƙasarsa ba da son ransa ba. A Satumbar 2025, da Belarus ta kai mutum 52 iyakar Lituweniya bayan Amurka ta sassauta wa kamfanin jiragen Belavia, tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa Mikalai Statkevich ya ƙi tsallakawa, aka mayar da shi kurkuku. Shekara biyar kafin nan, 'yar adawar Belarus Maria Kalesnikava ta yaga fasfonta a iyakar Yukren don kada a fitar da ita.

Me ya sa mutum zai zaɓi ɗaki mai duhu a kan 'yanci a ƙasar waje? Domin sun san abin da mai mulkin ya sani. Ɗan adawa a kurkukun ƙasarsa ƙaya ne a ƙafar gwamnati, mutane na ambaton sunansa. Idan ya koma gudun hijira, sannu a hankali muryarsa na yin nisa, gidan talabijin na gwamnati kuma na nuna shi a matsayin ɗan koren ƙasashen waje. Ta wannan fuska mai mulki ya ci riba biyu: an biya shi, kuma ya rabu da ƙaya.

Mandela ya gane haka tun da wuri. A 1985 shugaban Afirka ta Kudu P. W. Botha ya yi masa tayin saki bisa sharaɗin ya yi tir da gwagwarmaya da makami. 'Yarsa Zindzi ce ta karanta amsarsa a gaban taro a Soweto, inda ya ce 'yantattu ne kaɗai ke iya tattaunawa, fursuna ba ya ƙulla yarjejeniya. Ya ƙara shekara biyar kafin ya fita ba tare da sharaɗi ba a 11 ga Fabrairun 1990. Amma kada a manta, a cikin waɗannan shekaru shi da kansa ya buɗe tattaunawar sirri da jami'an gwamnatin. Sharaɗin ya ƙi, bai ƙi magana ba.

Hujjar masu adawa da cinikin

Hujjarsu mai ƙarfi ce: duk abin da aka saya yau, gobe za a sake kawo shi kasuwa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Jamus. Daga farkon shekarun 1960 zuwa 1989, Jamus ta Yamma ta fanshi fursunoni kusan 34,000 daga Jamus ta Gabas, a kan fiye da Mark biliyan 3, galibi ta hanyar kayayyaki, wani lauya mai suna Wolfgang Vogel na tsakiya. Kuɗin kai ɗaya ya tashi daga kimanin Mark 40,000 zuwa kusan 96,000. Dubban mutane sun tsira, wannan ba a musu. Amma gwamnatin da ke neman kuɗin waje ido rufe ta samu hanyar shiga, kuma tana rage masu tayar mata da hankali a lokaci guda.

A Belarus ma, ƙungiyar Viasna da Bialiatski ya kafa ta sha nuna cewa ana sakin wasu ana kama wasu, ta yadda bayan duk afuwar da aka yi, waɗanda take ƙirgawa a matsayin fursunonin siyasa a ƙarshen 2025 sun haura dubu. Sannan akwai haƙƙin wasu da ake takewa a cinikin. Iyalan mutumin da Krasikov ya kashe sun ga Putin ya tarbe shi a ƙasan jirgi ya rungume shi. Duk wani ɗan ina-da-kisa da gwamnati za ta aika ƙasar waje gobe ya ga wannan hoton.

Duk da haka, ni ina tare da masu cewa a yi magana. Dalilina jagoran adawar Rasha Alexei Navalny ne. Ya mutu a gidan yari a yankin arewacin Rasha mai tsananin sanyi ranar 16 ga Fabrairun 2024, a lokacin da na kusa da shi suka ce ana gab da kammala shirin musayarsa. Liu Xiaobo ya rasu a tsare a Sin a 2017 da kyautar Nobel ɗinsa. Gwamnatin da ke riƙe ƙa'idar kada a biya ba ta da gaggawa, amma jikin mutumin da ke kaɗaice a ɗaki yana da iyaka. Kuma babu wata shaida mai gamsarwa da ke nuna cewa ƙin tattaunawa na hana mai kama-karya kama 'yan ƙasarsa. Yana kama su ne da farko don tsoron rasa kujera, ko da mai saye ko babu. Inda hujjar kasuwa ta fi kamawa shi ne batun baƙi da masu fasfo biyu, waɗanda tun farko don ciniki ake kama su. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, matuƙar wanda ya durƙusa ya san abin da ya zo ɗauka.

Shiru ko hayaniya?

Ma'aikatun harkokin waje sun fi son a yi shiru, kuma sukan roƙi iyalai kada su je wa 'yan jarida don kada farashi ya tashi. Wani lokaci suna da gaskiya. Amma tarihi bai goyi bayan shiru tsantsa ba. Dawit Isaak, ɗan jarida mai fasfon Eritrea da Suwidin, an kama shi a Satumbar 2001. Suwidin ta bi hanyar lallashi a ɓoye shekara sama da ashirin, Eritrea ba ta kai shi kotu ba, ba ta sake shi ba, in ban da kwana biyu a 2005.

A 1995 Mandela ya zaɓi ya lallashi Janar Sani Abacha a asirce, har ya aika mataimakinsa Thabo Mbeki Abuja. Matsin lambar duniya ya yi wani tasiri, domin a ranar 1 ga Oktoba Abacha ya sassauta hukuncin waɗanda aka tuhuma da yunƙurin juyin mulki, cikinsu har da Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'adua. Amma ranar 10 ga Nuwamba aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila na tsaka da taro a Auckland. Mandela ya sha suka mai zafi, ya kuma juya ya zama kan gaba wajen neman a hukunta gwamnatin. 'Yar'adua ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. A Maris 1998 tawagar Paparoma John Paul na Biyu ta miƙa jerin sunaye kusan 60, amma Obasanjo da Abiola na tsare har Abacha ya rasu a watan Yuni. Gwamnatin da ke da man fetur da masu saye ba ta ga abin da za ta yi asara ba, don haka roƙo bai motsa ta ba.

Kwatanta wannan da Natan Sharansky, ɗan adawar da Tarayyar Sobiyet ta ɗaure. Matarsa Avital ta shafe shekara tara tana bin shugabannin duniya ɗaya bayan ɗaya, har sunansa ya zama abin da ake tayarwa a kowace ganawa da Mosko. Amma fitarsa a gadar Glienicke da ke iyakar Berlin ta Yamma a Fabrairun 1986 a ɗakin sirri aka tsara ta. Hayaniyar ce ta sa tsare shi ya yi wa gwamnatin Sobiyet tsada, ganawar sirrin kuma ta ba ta hanyar sauke nauyin ba tare da jin kunya ba.

Waɗanda babu mai ambaton sunansu

Ga talaka, babban illar wannan tsari shi ne yadda yake rarraba mutane. Mai kyautar Nobel, ɗan jaridar babbar kafa, mai fasfon ƙasa mai ƙarfi, su ne ke saman jeri. Malamin makaranta da aka kama saboda ya rubuta layi biyu a Facebook, ko direban da ya tsaya a wurin zanga-zanga, ba wanda zai tashi jirgi dominsa. Ko cikin masu alaƙa da ƙasashen waje ana barin wasu: a Yunin 2024 Suwidin ta miƙa wa Iran Hamid Nouri, tsohon jami'in Iran da take ɗaure da shi, ta karɓo mutum biyu, aka bar likita Ahmadreza Djalali da hukuncin kisa a kansa.

Saboda haka idan aka sanar da wata sabuwar yarjejeniya, adadin waɗanda suka fito kaɗai ba zai gaya wa mai karatu ko an yi nasara ba. A tambaya ko an bar su su zauna a ƙasarsu da takardunsu, ko an soke tuhumar ko tana nan a aljihun gwamnati ana jiran ranar da za a sake fito da ita. A tambaya ko an daina sababbin kame a watannin da suka biyo baya. A duba abin da aka bayar: takunkumin da aka dakatar ana iya mayar da shi idan aka saɓa alkawari, amma mai kisan da aka miƙa ba ya dawowa. Kuma a tambaya ko an samo wa waɗanda suka rage wani abu, ko da izinin ganin lauya ne, ko likita, ko wasiƙa daga gida, domin a Belarus an shafe fiye da shekara guda iyalan wasu manyan fursunoni ba su san ko suna raye ba.

Aikin da ya fi amfanar waɗannan mutane shi ne wanda ba a yi masa biki: rubuta sunaye. Viasna a Belarus, Memorial a Rasha, da ƙungiyar taimaka wa fursunonin siyasa ta Myanmar suna ajiye suna, ranar kamu, tuhuma da gidan yarin da mutum yake. Daga irin waɗannan kundaye ne wakilin da zai shiga fadar mai mulki ke ɗaukar jerin da zai ajiye a kan tebur. Gwamnatocin sun san haka sarai. Kotunan Rasha sun ba da umarnin rufe Memorial a Disambar 2021, kuma Oleg Orlov, ɗaya daga cikin jagororinta, yana cikin waɗanda aka sauke a Ankara a 2024, sunansa a jerin da ƙungiyarsa ta saba rubuta wa wasu.